Kwana Biyu a Gwangwani Ɗaya

Ƙarfe bakwai saura minti biyar yake fitowa tsakar gida, an yi ruwa ko ba a yi ba. Kafin a gan shi ana jin silifas ɗinsa, na dama yana jan ƙasa fiye da na hagu saboda gwiwar da ta fara yi masa gardama. A tsakiyar gidan akwai turken ƙarfe da ya kafa da hannunsa, a kansa gwangwani da mazurari. Sai ya cire mazurarin, ya juye abin da ya taru a kwalbar awo mai zane-zane, ya ɗaga ta daidai idonsa, ya faɗi lambar da ƙarfi kamar akwai mai saurare. Mafi yawan kwanakin shekara magana ɗaya ce: sifili, ɗigo, sifili. Ya rubuta a littafi mai layi, ya soke biro a aljihu, ya koma ɗaki ya dafa shayin mutum ɗaya.

Ba wanda ya sa shi. Shekara tara ke nan da ya bar aiki a hukumar da ke lura da yanayi, kuma tashar da ya riƙe an daɗe da kafa mata na'ura mai aika lamba da kanta, ba ta gaisuwa, ba ta tari. Mai shagon da ke ƙofar gidansa kullum sai ya tsokane shi: Baba Ɗigo, a shanya ko a kwashe? Shi kuma kullum amsa ɗaya, cewa shi ba ya duba gobe, abin da ya riga ya faɗo yake aunawa. Wata rana wannan 'yar musayar ce kaɗai maganar da zai yi da mutum har rana ta faɗi.

Sunan nan a bakin wayar oba-oba ya samo shi. Ya kama aiki yana saurayi, aka tura shi Tasha ta Tara, can bayan gari inda kwalta ta ƙare: fili ne da aka kewaye da waya, da ɗaki ɗaya mai rufin kwano, da ma'aunin ruwa na tagulla a tsakiyar ciyawa. Kowace safiya tashoshi goma sha biyu ke kiran hedikwata ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi abin da ya auna. Bai taɓa ganin fuskar yawancinsu ba, amma ya san su kamar 'yan ɗaki ɗaya. Na Tasha ta Uku sai ya yi gyaran murya sau biyu kafin ya buɗe baki. Na ta Shida yana haɗiye ƙarshen lamba, sai an ce ya maimaita. Shi kuwa yana danna kalmar ɗigo kamar mai buga ƙusa, don an taɓa rubuta masa ashirin da biyar a maimakon biyu ɗigo biyar, abin ya hana shi cin abinci yini guda. Tun daga nan mai ɗaukar rahoto a hedikwata ya daina cewa Tasha ta Tara, sai dai ya ce, Ɗigo, muna jin ka.

A shekararsa ta biyu ya yi aure. Matarsa tela ce, mai surutu, mai dariya da dukkan jikinta. Keken ɗinkinta da bakinta tare suke tashi, tare suke tsayawa. Takan gaya wa masu kawo mata ɗinki cewa ta auri mutumin da ko atishawa sama ta yi sai ya rubuta. 'Ya ɗaya Allah ya ba su.

A shekararsa ta goma sha ɗaya aka kawo kwamfuta, tasharsa aka zaɓa don gwaji. Wani ma'aikaci daga hedikwata, wanda kowa ke kira Dogo don sai ya sunkuya yake shiga ɗakin, shi ya ɗauko ta a bayan mota, shi ne kuma ya rubuta manhajar da za a riƙa zuba lambobin a ciki. Ya ce injin ba shi da wadatar wuri, kowace rana ɗan ƙaramin gurbi aka yanka mata, saboda haka dokoki biyu ne, kuma da baki ya faɗe su yana naɗe waya. Ta farko, ba a sa ɗigo: sha biyu ɗigo biyar a buga 125, uku ɗigo bakwai a buga 37. Ta biyu, ranar da ba a auna ba kada a sa sifili, don sifili na nufin an duba ba a samu komai ba; a sa ɗaya da 'yar sanda a gabanta, -1. Da matarsa ta ji doka ta farko sai da ta riƙe ciki don dariya, ta ce to Malam, an kore ka daga cikin aikinka kana zaune.

Ranin shekarar nan gaba ɗaya ya tafi wajen kwashe tsofaffin littattafai zuwa cikin injin. Da yatsa biyu yake bugawa, in ya kalli littafi ya ɓata a allo, in ya kalli allo ya ɓata a littafi. Sai matar ta riƙa rufe keke da hantsi, ta zo masa da abinci, ta zauna a kan benci tana karantawa yana bugawa. Tana karantawa tana sharhi: wannan ranar ce rufinmu ya yi yoyo, wannan ranar ce ka bar ni da wanki a igiya kai da kake ma'aikacin ruwa. In suka shiga watannin da ba ruwa sai ta mayar da abin waƙa, sifili, sifili, sifili, tana kaɗa ƙafa, har sai ya ce ta bari kada ya ƙara ɗaya ko ya rage ɗaya.

A shekararsa ta ashirin da biyu, tsakiyar damina, ta kwanta ciwo. Kwana huɗu suka yi a asibiti, ya dawo gida ba tare da ita ba. Ya ƙara shekara biyar a tashar. A cikinsu ya aurar da 'yar zuwa wani gari mai nisa, muryoyin oba-oba kuma suka riƙa ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya, yau a ce na ta Uku ya yi ritaya, gobe a ce an sa wa ta Shida na'ura, har ya zama in ya ce sifili ɗigo sifili sai dai ya ji shuuu kafin a amsa. Ya miƙa makulli. Littattafan takarda aka kwashe su zuwa wani sito, inda gara ta yi musu abin da ta saba. Dogo ma ya rasu. Aikin shekara ashirin da bakwai ya rage a fayil ɗaya, ƙarami, wanda ko hoton jariri a waya ya fi shi nauyi.

Wata Talata da hantsi wayarsa ta yi ƙara, alhali ba ranar da 'yarsa ke kira ba ce. Muryar mace ce, mai sauri, irin ta wadda ke magana idonta na kan wani abu daban. Ta ce ita injiniya ce a hedikwata, suna tattara tarihin ruwan sama na duk tashoshi a taska ɗaya, an gama da goma sha ɗaya don an samu littattafansu, saura ta Tara. Ta tambaya ko yana da kwafin takarda a gida, domin fayil ɗin tasharsa shirme yake fitarwa. In ba a samu abin gwadawa ba, ranar Alhamis za a cire tashar daga taskar, a rubuta cewa bayananta ba abin dogaro ba ne.

Ya ce ta maimaita maganar ƙarshe. Ta maimaita. Ya ce gobe yana tafe.

Ba shi da kwafi. Amma ya zuba littattafansa tara na tsakar gida a jaka, shi kansa bai san me za su yi masa ba, ya goge takalmi, ya fito da rigar da ya daɗe bai sa ba. Washegari sai da ya auna gwangwaninsa tukuna, sannan ya tafi tashar mota.

Mai gadin ƙofar hedikwata bai san shi ba. Ya turo masa littafin baƙi, a gurbin da aka ce daga ina ya rubuta Tasha ta Tara. Mai gadin ya juya littafin ya duba, ya ce wace unguwa ce kuma wannan. Ɗakin da aka kai shi sanyi ne kamar cikin firiji, mutum takwas kowa da allonsa, ba mai magana, sai ƙwas-ƙwas na madannai. Ya gane tagar. A da nan ne ɗakin oba-oba, inda muryoyi goma sha biyu ke faɗowa kowace safiya. Injiniyar ta miƙe ta gaishe shi da ladabi, ta jawo masa kujera mai taya wadda ta nemi ta gudu da shi. Sa'ar 'yarsa ce, da tabarau a goshi, da waya biyu da ke ta haske tana kifewa.

Ta yi masa bayani. Tsohuwar kwamfutar ta mutu, manhajar Dogo kuma ba ta tashi a injinan yanzu. Amma an yi sa'a, rubutun da Dogo ya yi, umarnin da ya jera wa injin layi-layi, yana nan. Irin wannan rubutu sai an ba wata manhaja da ake kira kompaila ta juya shi zuwa yaren da inji ke ji. Ya ce tafinta ke nan. Ta ce tafinta ke nan, Baba. Tafintan zamanin Dogo ya tafi da zamaninsa, sai ta ba na yanzu, ko harafi ɗaya ba ta canza ba, ya karɓa bai yi ƙorafi ba. Ga abin da ya fito.

Ta juyo masa allon. A wata rana an rubuta 8,192,037. Ta ce ko an mayar da ɗigon da aka cire, wannan ruwa ne mai zurfin mita ɗari takwas a yini ɗaya. Wani da ke teburin gefe ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, ashe a jirgin ruwa Baba ke zuwa aiki. Aka ɗan yi dariya ta hanci. Ta ci gaba: ga ruwa a tsakiyar rani, ga fari a tsakiyar damina, kuma tarihin ya tsaya cak a shekara ta goma sha huɗu, sauran sun ɓace.

Akwai wata takarda da ta leƙo daga ƙarƙashin madannai, ta so ta tura ta ciki amma ya riga ya gani. Shugaban sashe ya rubuta dalilin cire tashar: kurakuran shigar da bayanai daga jami'in tasha. Ya karanta layin sau biyu. Ya sauke jakar daga cinyarsa zuwa ƙasa.

Ya roƙe ta ta bi da shi daga farko, sannu-sannu. Ta dubi agogo, ta yarda. Lambobin suka riƙa hawa sama. Da suka shiga jerin sifili ya fara ƙirgawa a ransa da muryar da ba tasa ba, amma kafin waƙar ta kai ko'ina sifilin ya ƙare. Ya ce ranin nan ya yi gajarta, shi bai taɓa ganin rani mai saurin tafiya haka ba. Na teburin gefe ya ce Allah ya ba mu irinsa. Injiniyar ta yi murmushin da ake yi wa tsofaffi, ta ci gaba da murzawa, har ta zo wani wuri ta tsaya ta nuna da biro. Ta ce ga ma wani abin, ruwa ƙasa da sifili, kwana biyu a jere.

Ya matso da kujerar. -1, -1. Ya dubi kwanan watan da ke gefe.

"Huɗu ne," ya ce.

"Na'am, Baba?"

"Ba biyu ba ne. Kwana huɗu ne ban auna ba a duk aikina, kuma a jere suke. Sannan ba a wannan shekarar ba ne. A wannan shekarar tana zaune a kan benci tana karanta min." Ya cire tabarau ya riƙe. "'Yata, injinki ya kashe min mata tun da sauran shekara goma sha ɗaya."

Ƙwas-ƙwas ɗin teburin gefe ya tsaya.

Ta sauko da tabarau daga goshi. Ta tambaye shi a wace shekarar aikinsa abin ya faru, ya ce ta ashirin da biyu. Ta rubuta 22 a gefen takardar shugaba, ta rubuta 11 a ƙarƙashi. Ta rubuta 4, ta rubuta 2. Ta tambaye shi ko ya san kwana nawa ya yi a tashar gaba ɗaya. Ya sani, mutumin da ke zaune shi kaɗai yana da lokacin irin wannan lissafi: dubu tara da ɗari takwas da sittin da biyu. Ta duba ƙasan allon, inda injin ya faɗi adadin kwanakin da ya karanta, 4,931. Ta danna kan fayil ɗin ta duba girmansa, 19,724. Ta raba da huɗu a wayarta, ta koma ta raba girman da biyu, sannan ta kife wayar ta dafe goshi.

Ta ce babu abin da ya ɓace. Muryarta ta rage sauri. Ta ce inji yana auna wurin ajiya da wani ɗan ma'auni da ake kira bait. Ya ce baiti kamar na waƙa? Ta ce kusan haka. Dogo ya rubuta wa injin wata kalma mai harafi uku, int, wadda ke nufin lamba kawai, bai faɗi faɗinta ba, don a zamaninsa ba a tambaya: tafintansa in ya ji kalmar nan, bait biyu yake yankawa. Da wannan awo aka rubuta fayil ɗin, kowace rana bait biyu, a jere, ba waƙafi, ba layi, ba alamar inda wata ta ƙare wata ta fara. Tafintan yanzu kuwa in ya ji wannan kalmar, bait huɗu yake ɗiba. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, ƙa'idar yaren ce ta bar wa kowa ya zaɓa. Saboda haka duk ɗiba ɗaya yana haɗa yau da gobe, goben ta hau kan yau ta ninku sau dubu sittin da biyar da ɗoriya. In goben sifili ce sai lambar ta fito daidai, shi ya sa wasu wuraren suka yi kama da gaskiya suka ƙara rikita ta.

Ya juya maganar a ransa. Sannan ya ce, wato kwana biyu yake zubawa a gwangwani ɗaya. Ta ce wallahi da haka aka koya musu a makaranta da ba ta yi kwana uku tana zargin fayil ba.

Ta koma rubutun Dogo, ta nemo layin, ta goge kalmar nan ta sa wata wadda ke faɗin girmanta a fili, bait biyu, ko wane tafinta ya zo, yau ko bayan shekara hamsin. Ta danna. Kafin ya mayar da tabarau an gama. A ƙasan allon aka rubuta 9,862.

Ta nemo inda ƙatuwar lambar nan take, miliyan takwas da 'yan kai. Ta rabu biyu: 37, sai 125 a ƙarƙashinta. Uku ɗigo bakwai, in ji shi, da sha biyu ɗigo biyar, ya danna ɗigon yadda ya saba, har na teburin gefe ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya. Injiniyar ta ce tana bukatar shaida ɗaya wadda ba daga allon ta fito ba. Ya juya wa allon baya, ya faɗi wani kwanan wata a shekararsa ta uku, ya ce za ta ga 412, washegari sifili. Ta duba, haka ne. Ta ce ta yaya ya riƙe wannan. Ya ce ranar aka haifi 'yarsa. Sai da ya auna ruwan tukuna sannan ya tafi ganin jaririya, abin da uwarta ba ta taɓa yafe masa ba, ko da yake da dariya take faɗa.

Shugaban sashen ya shigo da waya a kunne. Ta yi masa bayani a jimla uku. Ya ce madalla, ashe matsalar karatu ce, a gyara rahoton kafin gobe. Ya miƙa wa tsohon hannu, ya ce sannu da ƙoƙari Baba, ya fita yana ci gaba da maganarsa. Bai tambayi sunansa ba. Takardar da ke cewa kurakuran jami'i tana nan a kan tebur da 22 da 11 a gefenta. Injiniyar ta ninke ta ta jefa a kwando.

Saura abu ɗaya, in ji ta. Sabuwar taskar ba ta son giɓi. Inda aka rasa rana tana iya cikewa da ƙiyasi daga tashoshin maƙwabta, sauran tashoshi duk an yi musu haka. Ta kai allon shekara ta ashirin da biyu. Suna nan, huɗu, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, kowace da 'yar sandarta. Ta tambaya a hankali ko ya tuna an yi ruwa a kwanakin.

Ya ce an yi. Ya ji shi a kan rufin asibitin, har matarsa ma ta buɗe ido rana ta biyu ta ce masa, Malam, ana ta zuba ba mai rubutawa. Rana ta huɗu da yamma, bayan an gama komai jama'a sun watse, ƙafarsa ta kai shi tasha, ya tarar ma'aunin ya kusa cika. Ya tsaya da kwalbar awo a hannu. Da ya so da ya raba huɗu, ba wanda zai sani. Amma ba shi da yadda zai ce wannan na Litinin ne, wannan na Talata, sai ya zubar a ciyawa, ya shiga ɗaki ya buga abin da Dogo ya ce.

"In da hali a bar su yadda suke," ya ce. "Ba ɓata suka yi ba. Na san inda suke."

Ta ce akwai hali. Ta sa musu alamar da ke hana injin taɓa su. Ta tambaya me za ta rubuta a gurbin dalili, ya ce ta rubuta jami'i ba ya nan.

Ta buga masa kwafi a firinta, shafi ashirin da bakwai, kowace shekara da shafinta, suka fito da ɗuminsu. A saman kowane shafi an rubuta Tasha ta Tara, ba sunan kowa. Ta raka shi har bakin ƙofa, ta ɗaga masa jakar ta ce Baba wannan fa da nauyi, me ke ciki? Ya ce tarkacen tsoho ne. Wayarta ta yi haske, ta ce a sauka lafiya, ta juya da sauri.

Da la'asar ya isa unguwa. Mai shago ya ce Baba Ɗigo, yau ina aka shiga da wannan ado? Ya ce ya je karɓo wasu kwanakinsa ne. Mai shagon ya yi dariya ba don ya gane ba, ya juya ga mai sayen sabulu.

Ya kira 'yarsa ko da yake ba ranarta ba ce. Ta ɗauka a firgice tana tambaya ko lafiya. Ya ce lafiya lau, uwata, ya fara ba ta labarin tafinta biyu da kalma ɗaya, a bayanta yara na rigima a kan wani abu, wani na buga ƙofa. Ya kai wajen ɗari huɗu da sha biyu ke nan ta ce Baba ka yi haƙuri, bari ta raba yaran nan, za ta kira. Ya ce ba komai. Ya daɗe riƙe da wayar bayan ta katse.

Keken ɗinkin na nan a kusurwar ɗaki, lulluɓe da zanensa. Ya mayar da littattafansa tara inda ya ɗauko su, ya ɗora shafukan a kan teburin keken, ya zauna a kujerar matarsa, inda hasken taga bai gama janyewa ba. Ya ɗauki shafin farko, ya kai yatsa farkon rani. Sifilin sun dawo da tsawonsu, wata biyar cur, ba wanda aka haɗiye. Ya fara binsu ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi, karin da ke zuwa masa ba nasa ba ne. Wannan karon bai ce a bari ba, ya ƙyale ta ta kai har ruwan farko.